Kyandir Na Tara

Sai da taurari uku suka leƙo bisa Jekadafari
kafin Obadiya ya yarda a ƙyasta ashana.
Haka suke, Asabar ɗinsu ba ta taɓa wuta.
Shekara goma sha shida katanga ɗaya ce tsakaninmu,
na san ranar da shagonsa na kayan mota ke kwana a kulle
kamar yadda ya san lokacin da nake ajiye almakashi
in nufi masallacin Juma'a.

Da hantsi yaron ya yi karatunsa.
Ban shiga ba, ta taga na jiyo shi,
murya na fashewa kamar ta ɗan zakara mai koyon cara.
An ce harafinsu daga dama yake tafiya zuwa hagu,
hanyar da yatsana ma ya sani.
Uban ya ce, daga yau kayansa a kansa,
ni na sauke gammo.
Aka yi ta jifansa da alawa,
yaran layinmu na wawaso a bakin ƙofa.

Da dare ga tire, ga kyandir goma sha uku,
ɗaya don kowace shekarar Elazar.
Takarda na rawa a hannunsa.

Na farko na kaka ne,
wadda ta wuni ta kwana a mota daga gabas
da ƙunshin busasshen kifi a cinya.
Ta kunna, ta ja masa kumatu.
Na biyu na kakan da ƙasa ta rufe wa ido.
Ba wanda ya taso.
Shi ya kunna da kansa, tsakar gida ta yi tsit.
Sai uwa, Nkiruka, tana share ido da gefen zane,
sai uba, sai ƙanwarsa Tamar
da ya yafe wa keken da ta karya.
Malaminsa na lissafi ya zo da alli a aljihu.
Goggo Dudu mai masa ta taso tana gyara mayafi:
"Naira ɗari uku nake bin ka, ban manta ba!"
Bappayo da Ishaya, abokan ƙwallo,
suka raba ɗaya suna ture-ture.

Ni ina can baya da kofin zoɓo,
ido na kan wuyan rigar da na ɗinka,
daidai inda zaren ya ɗan karkace,
ina fatan kada kowa ya lura.

"Na tara, Baba Sambo tela."

Na waiga, ko akwai wani Sambon.

"Duk shekara shi ke sakin ƙafar wandona,
bai taɓa karɓar ko kwabo ba.
Daren da zazzaɓi ya sanƙarar da ni,
babana yana Anacha,
shi ya saɓa ni a kafaɗa har asibiti,
ƙafarsa ba takalmi."

Wallahi na manta da maganar takalmin.
Ashe abin da babba ya yar a hanya
yaro na tsincewa ya adana.

Hannun nan da ke zura zare a allura ko da magariba
sau uku yana kuskure lagwani.
Yaron ya riƙe mini wuyan hannu,
sannan ta kama.

Kafin a kai na goma aka ɗauke wuta.
Yau dai ba wanda ya yi tsaki.
Fuskoki suka matso kusa da tire,
mai hula zanna, mai 'yar hular tsakar ka,
mai ɗankwali, mai sanƙo,
haske ɗaya na lasar kowa.

Jibi zai kawo wandon, na sani.
Na duba shi ɗazu yana tsaye,
idon sawu duk a waje.
Babu sauran abin saki a ciki.
Sai dai in auna shi, in yanka sabo.